Tururuwa a Cikin Cokali

Kwana uku da haihuwar ɗiyata ta fari, Inna ta iso daga Tsibiri da ƙunshin kanwa da ganyen wankan jego, ta karɓe gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi kamar ita ta gina shi. Mijina ma sai da ya koma yin sallama sau biyu kafin ya shiga ɗakinsa.

Yarinyar ba ta kama nono da kyau, kuka kawai take. Ni kuma kan nonona ya tsattsage, duk sanda ta kama sai na ciji bakin zane. Inna ta zuba mana ido yini guda. Washegari da hantsi ta miƙo mini cokali ta ce in tatsa. Ta fita tsakar gida ta kamo tururuwa, ta jefa a ciki. Haka tsofaffinmu ke gwada nono: in tururuwa ta fito da ranta, lafiyayye ne, in ta mutu kuwa akwai ƙaiƙayi a cikinsa, zai cuci jariri. Tururuwar ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta tsaya.

"Nonon ga bai da kyau, ɗiyata," in ji Inna. "Kar ki ƙara ba ta sai an wanke shi."

Malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Jiratawa. Na san tururuwa ko cikin kunu aka jefa ta mutuwa za ta yi. A asibiti ma an ja mini kunne cewa nono zalla za a ba jariri har wata shida. Kuma ni ba mai shiru ba ce, ko kan gishirin miya sai mun yi musu da Inna. Amma ran nan cewa na yi, "To, Inna." Allah ya sani, daɗi na ji. Na gaji da raɗaɗi, ga hutuna zai ƙare, ina ta tunanin yadda zan riƙa zuwa Jiratawa kan babur da goyo a baya.

Ita Inna kwana kaɗan take nufi. Ta dafa mini jiƙon saiwoyi na wanke nono, ta ce in na sha mako guda za a sake gwadawa. Ni kuwa na tura mijina farmasi ya sayo madarar gwangwani da bibiro, kwalbar shayar da jariri. Jiƙon a makwararar bayan ɗaki nake zubar da shi, in dawo ina yamutsa fuska kamar na sha ɗaci. Ta ce in riƙa tatsa don kada ya ƙafe, ban yi ba. Ranar da ta sake kawo cokali, ko rabinsa ban cika ba. Ta daɗe tana kallonsa, ta ce maganinta ne ya yi ƙarfi.

Na koma aiki, na bar mata yarinyar. Inna ba ta iya karatun jikin gwangwani ba, ni kuma sau ɗaya na nuna mata a tsaitsaye. Ga ta mace ce da ba ta iya zubar da abinci. Ragowar madarar safe sai ta rufe ta da faifai, ta ba yarinyar da azahar, cikin zafin bazarar Maraɗi. A wata na huɗu zawo ya kama yarinyar, har maɗigarta ta faɗa.

Muna asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, ungozomar da ta karɓi haihuwata ta gane ni. Ta tambayi wanda ya cire jaririya daga nono. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ni ce." Matar nan ta wanke ta tas a gaban matan ɗakin, ta ce irinsu ne ke kashe jikokinsu da jahilci. Inna ta sunkuyar da kai. Ni malama ina tsaye, idona kan robar ƙarin ruwan.

Yarinyar ta tashi. Yanzu tana lakwal, siririya, bakinta kamar nawa. Ƙanenta kuwa na shayar da shi har ya yi tafiya. A jegonsa Inna ta zo ta dafa ruwa, ta yi mini wanka, amma ko sau ɗaya ba ta ce ga yadda ake yi ba. In na tambaye ta sai ta ce ku kuka yi karatu. Na yi ta jan ta da musu, ta ƙi kamawa.

Sau da yawa na shirya faɗa mata zancen jiƙon nan, kunya ta hana ni. A ciwonta na ƙarshe mun je Tsibiri da la'asar, ana sussukar gero a waje. Ta kira jikarta, ta zagaye wuyan hannunta da yatsu biyu, ta sallame ta. Sannan ta juyo gare ni.

"Ni na hana ta nonon uwarta, shi ya sa ba ta ƙiba. Ki yahe mini, ɗiyata."

Ɗakin daga ni sai ita, babu mai jin mu. Na riƙe hannunta, na ce, "Na yafe miki, Inna."