Randar da Duba-gari Ya Kifar

Har yau in na ga mutum cikin kaki da gajeren wando sai in ji raina ya ɓaci, kuma wani duba-gari ne ya jawo mini.

A Unguwar Shanu muke, 'yan shekaru bayan yaƙin basasa. Na dawo gida wankan jegon ɗana na fari, a daminar da zazzaɓi ya riƙa bin unguwa gida-gida, har hukuma ta sako mana 'yan duba-gari. Aikinsu su shiga gida da dogon ludayi, su leƙa randa da tulu, in sun ga tsutsar sauro a zubar da ruwan. Kwatar da ke bayan layinmu kuwa, wadda sauro ke tashi daga cikinta kamar hayaƙi, ba su taɓa ganinta ba. Randunan tsofaffi kaɗai idonsu ke gani.

Inna, mahaifiyata, tana da wata 'yar randa a ƙuryar ɗakinta wadda ba a shan ruwanta. Babanmu malamin allo ne, sau ɗaya ya je Makka a rayuwarsa, ya dawo da zamzam. Da ya rasu, sai Inna ta juye ragowar a randar nan ta cika da ruwan rijiya. In ya ja baya ta ƙara, ba ta taɓa bari ya ƙare ba. Ta sha gaya mana da shi za a yi mata wankan gawa, kuma ban san tana da wani buri da ya wuce wannan ba.

Da hantsi duba-garin ya zo. Sallama ɗaya ya yi ya faɗo mana, ko mayafi ban kai ga ja ba. Matashi ne, sai ɗaga hanci yake kamar gidan namu wari yake yi. Ya duba randar tsakar gida bai sami komai ba, na ga abin bai yi masa daɗi ba. Sai ya nufi ɗakin Inna, da takalminsa.

"Iya, wannan fa?"

"Ɗan nan, wannan ba ta sha ba ce. Zamzam ne, na wankan gawata."

Ya buɗe faifan, ya tsoma ludayi, ya fito da shi haske. Ga tsutsotsi nan suna ta wutsil-wutsil.

"To ga zamzam ɗin naki ya haihu," in ji shi, har da dariya.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! Ba mu minti biyar mu tace da ƙyalle."

"Oda ce, ba a tacewa. Ke da kike da jariri ma ke ce za ki yi gardama?"

Inna ta roƙe shi da girman iyayensa ya bar mata ko kofi ɗaya. Tsohuwar da ta yi jika da shi, har da durƙusawa. Ya kinkimi randar ya fito tsakar gida ya kifar, ya rubuta wani abu da alli a jikin ƙofa, ya wuce gidan gaba. Na raka shi da duk zagin da na iya, har maƙwabta suka leƙo. Inna kuwa tsayawa ta yi tana kallon ƙasa tana shanye ruwan.

Na tsani mutumin nan, ban kuma fasa ba. Amma akwai abin da ban taɓa gaya wa Inna ba. Kwana uku kafin zuwansa na buɗe randar, na ga tsutsotsin da idona. Na ce gobe zan tace, na mai da faifan na rufe, na koma kan gado abina.

Bayan shekara biyu Inna ta rasu. Da matan da za su yi mata wanka suka ce a kawo ruwa, ni na ɗauki bokiti na je famfon bakin layi na bi layi na taro.