Babu gurbin "in Allah ya yarda"

Aikin farko yau: kai ordinatar, wato kwamfutata, caji gidan maƙwabci, namu kuran, wutar lantarki, ya ɗauke.

Ina kunna ta na tarar da saƙon wani kamfani na Yamai da ke neman mai rubuta lojisiyel, wato manhajar kwamfuta. Na daɗe ina koya wa kaina aikin a nan Tasawa, kuma sun yaba da abin da na aika. Sai suka ƙara mini gwajin hali, na cika jiya.

Saƙon na sakamakon gwajin ne, ya ce ban yarda da kaina ba, kuma ba ni da tsayayyar magana.

Maman Rabi, matata, ta leƙo. "Malam, mi suka tambaye ka?"

"Wai ko na fi abokan aikina iyawa. Na ce a'a."

"Ba ka fi su ba?"

"Ko na fi su, da bakina zan faɗa? Sai wai ko kullum ina gama aiki kan lokaci. Na nemi gurbin in Allah ya yarda, babu, na danna amsar tsakiya."

Ta riƙe haɓa. "Ashe kunyar da Inna ta koya maka suka auna."

Sakamakon ya riga ya isa wurinsu. Ina tsoron su ajiye aikina su bi takardar nan. Jama'a, wanda ya taɓa wannan gwaji, yaya ya amsa?

Gobe:
Gyaran kuran.
Kiran kamfanin.
Kafin in kira, in gwada cewa "na iya" gaban Maman Rabi, ba tare da na sunkuyar da kai ba.