Ƙanƙara a Ƙasan Dala

Firjinmu yana da wani ɗan ƙas da yake yi idan an kawo wuta, kafin ya fara gurnani. Ina tsince shinkafa bayan la'asar na ji shi, sai na ga maigidana ya miƙe daga tabarma, ya shiga ɗakin ƙanena, ya fito da kwamfutarsa a hammata. Wata huɗu ke nan ba wanda ya taɓa ta.

Ƙanena a wurinmu yake zaune a unguwar Dala ta Yerwa, yana digiri na biyu a kan yanayi. Ya shiga mota zuwa Biu ɗaurin auren abokinsa, motar ba ta isa ba. Ba gawa, ba labari. Mahaifiyarmu ta hana a yi zaman makoki, hujjarta kuwa guda ce: sunansa yana nan a rajistar jami'a, kuma ba a ajiye matattu a rajista. Sai ga saƙo daga malaminsa cewa duk ɗalibin da bai miƙa aikinsa ba kafin ƙarshen zango, za a cire sunansa.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare, ya ɗan iya rubuta wa kwamfuta umarni. Ya ce aikin saura ƙiris, shi zai ƙarasa.

Abin da na fahimta shi ne, bayanan da ƙanena ya sauko da su daga intanet sun raba sararin sama hawa-hawa kamar bene, kowane hawa da zafinsa da iskarsa. Abin da ke tsakanin hawa da hawa ba a bayar ba. Aikinsa shi ne ya sa kwamfuta ta ƙiyasta wannan tsakanin. Amma jerin tsayin hawan yana cikin filas ɗin kwamfuta da ya tafi da shi a aljihu. Dole maigidana ya kwafo lambobin daga littafin rubutun ƙanena.

Da ya danna, kwamfuta ta ce a ƙasan Dala sanyi ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, zafin kuma yana can inda jirage ke bi.

"Uwargida, fito da barguna," in ji shi. "An ce mun daskare."

Gumi na zuba a wuyansa yana faɗa. Na so in yi dariya, ba ta zo ba.

Mako uku yana fama. Ya zargi ma'aunin zafin, ya duba, daidai yake. Ya zargi guraben da babu lamba a ciki, ya cike su. Ya ce ko hawan farko yana ƙarƙashin ƙasa ne, tunda garinmu ya fi teku tudu, ya cire shi. Ƙanƙarar tana nan. An yanke layin waya a lokacin, ba halin sake sauko da komai, ba wanda za a tambaya. Wutar ma awa biyu ce, wani lokaci ƙarar fashewa ta taso daga wajen Yerwa ta girgiza taga, mu yi salati, ya koma kan allon. Kullum mahaifiyarmu sai ta aiko a tambaya ko an gama wa yaronta aikinsa.

Wata rana idonsa ya yi ja, ya miƙo mini littafin a rufe, ya ce in karanta masa lambobin yana dubawa. Na buɗe shi ta baya ban ma lura ba, domin haka ƙanena yake buɗe littafi tun yana tsangaya. A firamare an sha dukansa a kan haka bai daina ba. Na fara daga dama. Maigidana ya ce a juye nake karantawa.

"Daidai nake karantawa, Malam. Shi daga nan yake farawa."

Ya daɗe yana kallon shafin. Ashe a bayanan hawa na ɗaya shi ne na ƙololuwa, kuma haka ƙanena ya jera su daga dama. Maigidana ya fara daga hagu, ya ɗora wa ƙasa abin sama. Layi ɗaya ya gyara. Zafi ya dawo Dala. Na yi alhamdulillahi, na shiga kicin na yi kukan da ban yi ba tun tafiyarsa.

Muka buga takardun muka kai tare. Malamin ƙanena ya karɓa hannu biyu, ya buɗe, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce ƙa'ida ita ce ɗalibi ya tsaya da kansa ya kare aikinsa gaban malamai, wani ba ya tsaya wa wani. Ƙarshen zango aka cire sunan.

Muna tsakar gida muna shawarar wanda zai gaya wa mahaifiyarmu, ni na ce ba zan iya ba, shi ya ce shi suruki ne, ba bakinsa ba ne. 'Yata, mai shekara shida a lokacin, tana jin mu. Ta zo ta ja mini gefen zane.

"Umma, ki kai ni wurin rajistar. Ai na iya rubuta sunan Kawu."