Turaren Kaka da Kwalbar Eta

Har gobe, in na shiga keken haya a unguwar Bekaji wata ta zauna kusa da ni da ƙamshin turaren wuta a mayafinta, sai hankalina ya koma ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti a Jimeta inda na yi aiki. Ɗaki ne kamar akurki, taga ɗaya, madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya, sai kwalbar eta a ƙasan kanta.

Eta ruwa ne garau mai wari mai hawa kai. Da shi muke raba maiƙo da bayan gidan da aka kawo gwaji, don ƙwan tsutsar ciki ya fito fili. Masu jinya kan zo su roƙi kaɗan su goge danƙon filasta. Tsofaffin ma'aikata sun ce a da har barci ake sa mutum da shi kafin tiyata. Amma fa ba shi da mutunci ko kaɗan. A zafin Yola kana buɗe murfi ya fara tashi, kuma tururinsa ba ya yin sama, ƙasa yake bi yana rarrafe har ya iske wuta a inda take, ya jawo ta zuwa kwalba. Shi ya sa yake zaune cikin kwalba mai duhu, nesa da rana, ba ma sa shi a firijin allurai, ga bokitin yashi kullum a bakin ƙofa. Ni kuwa an san ni da faɗa a kan ashana. Ko likita ne sai ya ji bakina.

Lokacin da rikici ya koro mutane daga arewa, barandarmu ta cika. Cikinsu akwai wata tsohuwa 'yar Borno da jikarta mai kumburin ciki. Kaka muke ce mata. Uwar yarinyar ba ta samu fitowa ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi. Abin da Kaka ta tsira da shi, ban da jikar, ƙaramin gwangwani ne na turaren wuta da suka haɗa ita da 'yarta, uwar yarinyar. Kullum bayan la'asar takan roƙi garwashi wurin mai shayi, ta sa tsinke ɗaya tak a kasko can gindin dalbejiya, ta zauna tana kallon hayaƙin. Duk muna gani gwangwanin yana ƙarewa.

Ni na gano tsutsar da ke cin yarinyar. Aka ba ta magani, ciki ya saɓe, ta fara bin sauran yara da gudu. Tun daga nan Kaka ta ɗauke ni 'ya. Sai ta leƙo ta taga ta yamutsa fuska.

"'Yata, mace ce ke kuwa? Wannan warin kike kai wa mijinki?"

"Ya saba, Kaka."

"Bai saba ba, haƙuri yake yi."

Wata rana da yamma ina tsiyaya eta a kwalaben gwaji, na juya wa ƙofa baya, sai ƙamshi ya doke ni. Na waiga. Ga Kaka ta durƙusa a bakin ƙofa tana turo kasko ciki, garwashi jajir, fuskarta cike da murna. A wurinsu haka ake karrama ɗakin wanda ake ƙauna. Ban san lokacin da na rufe kwalbar na suri bokitin yashi na kife a kan kaskon ba. Na daka mata tsawa irin wadda ban taɓa yi wa babba ba, na ce ta ja baya, so take ta ƙone mu da yaran da ke baranda?

Gwangwanin na hannunta a buɗe, wayam. Duka ta juye mini a kaskon.

Ko yau ne haka zan yi, wallahi. Amma raina ya ɓaci har ƙwalla ta zo. Da ɗakin ya sha iska na fitar da kaskon, na kamo hannunta, na ɗiga mata eta kaɗan a tafi. Ta zabura don sanyi, kafin ta duba ya ɓace.

"Ina ya tafi?"

"Yana nan a ƙasa, Kaka, wuta yake nema."

Ta daɗe tana kallon tafinta. Ni kuma na je gidan da ke bayanmu na aro rariya. Muka zauna gindin dalbejiya, ina tankaɗe yashi tana tsince itacen turaren, wasu sun ƙone rabi, wasu ko wuta ba ta taɓa ba. Abin da muka samu bai cika tafi ba. Na ce ta mayar gwangwani ta adana.

Ta ƙi. Ta je ta karɓo sabon garwashi, ta zuba rabi, ta zare mayafina da kanta ta lulluɓa a kan hayaƙin.

"Ɗakin ya ƙi, to ke ki karɓa. Haka nake yi wa 'yata in za ta fita."

Daga baya suka koma gida, ban sake jin labarinsu ba. Yanzu ɗakin gwajin ya zama babba, da wuya ma ka ga eta, an samu wani ruwan da bai kai shi rashin kunya ba. Mayafin kuwa yana ƙasan akwatina, ƙamshin ya daɗe da fita, amma ban wanke shi ba.