Koriyar Wuta a Bakin Rijiyar Banga

Ban taɓa mantawa da ranar da aka kira ni zuwa garin Banga in shaida giya ba, ni da ko warinta ban sani ba. Shekarar da aka fara Shari'a ce, ina ƙaramin duba-gari a Ƙaura. 'Yan sa-kan gari sun tare mota ɗauke da ganguna shida na wani ruwa mai hawa kai. Direban ya rantse ragowar masana'antar maganin ƙwari ce aka ba shi ya zubar a daji. Ba wanda ya yarda.

A lokacin, giyar da aka kama tuttular da ita ake yi a bainar jama'a, ana kabbara. Filin da suka zaɓa kuwa taku goma ne daga rijiyar da gari ke sha.

Shugaban 'yan sa-kan, Malam Ɗan'ige, tsohon mahauci, ya ce, "Malam duba-gari, sa muna hannu mu zubda abinga."

Ƙa'idarmu ita ce a ɗebi kaɗan a aika ɗakin gwaji, a jira makonni. Na dubi taron, na ga ko la'asar ba za su jira ba. Sai na ari wayar jan-ƙarfe wajen mai gyaran rediyo, na gasa ta a risho har ta yi tas.

Na ce, "Baba, in giya ce, wutar shuɗiya za ta yi, ba hayaƙi."

Ya ƙanƙance ido. "Kai ina ka sani?"

"A littafi, Baba."

"To, Allah shi sa."

Na tsoma wayar cikin ruwan ganga, na mayar da ita wuta. Baƙin hayaƙi ya tashi, sannan harshen wutar ya koma kore shar. Na bayyana musu cewa hayaƙin alamar dangin benzin ne, koren kuma sinadarin kulorin. In suka haɗu, ƙasa ba ta narkar da su. Sai su tsiyaye cikin rijiya, 'ya'ya da jikoki su yi ta sha.

Malam Ɗan'ige ya ce, "Ashe dai ba kabbara yau?"

Na ce, "Akwai gadi."

Shi da mutanensa suka tsare gangunan har sakamakon gwaji ya iso ya gaskata wayar, aka kwashe su.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa musu da abin da idonsu ya gani. Shi ya sa har na yi ritaya, ina iya manta hatimi a ofis, amma guntuwar waya ba ta barin aljihuna.