Akuyata da Ruwan Rabin Durom

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma darasi guda na makarantar boko ya ci mini akuya, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

A Inkil ne, bayan an cire masara. Awaki suka riƙa mutuwa a layinmu: akuya na tafiya lafiya lau, sai ciki ya kumbura, ta faɗi tana shure-shure, kumfa na fita a baki. Akwai wani baƙo mai tallar maganin ɓera da ke haya kusa da mu. Awaki sun taɓa cinye masa alayyafo, ya ce za mu gani. Maganar nan aka tono, wai shi ke sa musu guba.

Jikata kuwa tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Malaminsu na kimiyya ya koya musu cewa in abu ya shige maka duhu, ka nemo mai kama da shi cikin abin da ka sani, ka yi hasashe, sannan ka gwada. Ta ishe ni da wannan karatu. Ranar ina tace ruwan kanwa ta tsaya a kaina, wai ruwan ga shi garau amma kanwar na ciki. Ta ce to ko haka ruwan rabin durom ɗin bakin famfo yake, inda duk muke wanke buhunan takin zamani don zuba masara, awaki kuma na sha? Na ce ta ba ni wuri, uwar iyayi.

Ban rufe baki ba ihu ya tashi. Na fita da taɓarya. Mazan layinmu sun jawo baƙon daga ɗakinsa, sun yaga masa riga, gora na sauka a haƙarƙarinsa. Wani ya buga masa bulo a fuska, haƙora suka zubo. Har an fara neman taya. Na kutsa, na sauke wa na gaba taɓarya a dantse, na tsaya a kan baƙon. Rabinsu ni na yanke musu cibiya, sai suka ɗan ja baya.

Jikata ta biyo ni, ta faɗa musu zancenta na ruwan durom. Aka yi mata dariya, wani ya ce yarinya ce za ta koya musu kiwo? Ta juyo gare ni.

"Kaka, hasashe ne kawai. Malam ya ce sai an gwada."

"To jawo jar akuyata."

Akuyar nan tana ɗaure a gida, ba ta taɓa zuwa famfo ba, ga ciki ya tsufa. Na matse ta tsakanin ƙafafuna, na buɗe bakinta, na ɗura mata ruwan durom ɗin da hannuna. Muka tsaya, baƙon na nishi cikin jini. Na ce duk mai son taɓa shi ya fara da ni.

Kafin a kira la'asar ta fara tangaɗi. Ta faɗi, ciki kamar ganga, kumfa na zuba. Na ce a kawo wuƙa kada ta sha wahala. Duk mazan nan masu gora aka rasa mai matsowa, sai limamin layi ne ya yanka ta.

Baƙon ya rayu, amma idonsa na hagu bai dawo ba. Durom ɗin, ni na kife shi.