Digirin Malam da Ruwan Shuka

Ku da kuka san Malam kun san ba ya wuce jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ko a gindin randa ne, sai ya tsuguna ya cusa yatsa ya ga inda laima ta tsaya, ya goge a gefen riga, rigar da ni zan wanke. Jikata ce ke rubuta mini wannan, ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Inda kuka ga magana ta yanke, kuka ne ya tare ni.

Yana koyarwa a firamare a nan Roni tun zamanin da aka sami mulkin kai. Da kuɗin mai ya shigo, abokan aikinsa suna ta sayen babur, shi sai ya ce zai tafi jami'a a Zariya ya yi digiri. Na tambayi ko mene ne digiri, aka ce karatu ne na shekara uku, wanda ya gama sai a ba shi ofis a Kano. Na ce to.

Abin da ba a gaya mini ba, ashe jarrabawarsu da ruwan shuka tare suke zuwa.

Shekarar farko, an yi ruwa ranar Laraba, kashegari da la'asar sai ga shi da akwati a ka. Na ɗauka an gama ne, na rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida. Shi kuwa ko zama bai yi ba ya tambayi inda aka ajiye sungumi. Na ce, "Malam, karatun fa?" Ya ce jibi za a fara jarrabawa. Na ce to me ya kawo shi? Ya dube ni kamar ni ce marar hankali.

"Binta, jarrabawa tana dawowa baɗi. Ruwan shuka in ya wuce ya wuce."

Baɗin ma haka aka yi. Ƙanensa Alhaji Iro, wanda kwangila ta karɓa a Kazaure, ya roƙe shi ya bari a sa 'yan ƙwadago. Ya ce gonar ubansu ba za ta sha saran baƙo ba, ba su san inda dutse yake kwance a ƙarƙashi ba. Sai Alhaji ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk wanda Malam ya tambaya a ce masa ko ɗigo ba a yi ba. Don kullum sai Malam ya je tasha a Zariya jin labarin ruwan gida. Suka faɗa masa yadda aka ce. Ya yi godiya, ya zagaya bayan motar Kazaure, ya ɓanɓaro taɓo daga taya ya murza. Direban da ya yi masa ƙaryar shi ya kawo shi gida.

Sai aka shiga shekarun fari. Ruwa ya yi ta makara, gari yana kuka, shanu suna faɗuwa, Malam kuwa ya zauna ya rubuta jarrabawa har ƙarshe, ya ci, ya wuce aji. Wallahi a lokacin ban san abin da zan roƙa ba. Maza suna fita roƙon ruwa, ni ina ɗaki na ɗaga hannu na rasa ta cewa. In na roƙi ruwa na kayar da mijina, in na yi shiru rumbu ya bushe. Har yau ban warware wannan ba.

Ana haka babban ɗanmu, wanda ba na faɗin sunansa, ya gama sakandare ya sami jami'ar da uban yake. Malam kuma mai kunyar ɗan fari ne, ko kallonsa ba ya yi. Aka ce in sun haɗu a layin abinci, yaron ya tsuguna ya gaishe shi, Malam ya juya yana duban gajimare. Yaron ya gama ya baro ubansa a can. Matan unguwa suka koma kirana Matar Ɗalibi, har ranar bikin 'yata.

Daga ƙarshe hukumar makarantar ta ce masa in ya sake tafiya, ya tafi ke nan. Ni da ban taɓa yin yaji ba, na aika direba ya gaya masa in na ga ƙafarsa kafin a gama, zai tarar na koma gidanmu a Gwiwa. Ruwa ya sauka. Na yi ta kallon ƙofa, bai zo ba. Alhaji Iro ya tuɓe babbar riga ya yi sara, ni da yara muna bin sa da iri.

Bayan an gama jarrabawa sai ga shi. Bai shigo gida ba, gona ya wuce, na bi shi da mayafi a hannu. Gero ya riga ya tsiro. Ya bi layi har ƙarshe, ya dawo.

"Malam, ka gama?"

"Wa ya yi wannan saran? Kamar tafiyar mai maye."

Amsar da na samu ke nan. Ɗanmu ya ce Malam ya ci, ya ga sunansa da idonsa. Abokinsa Malam Habu na Babura ya ce saura darasi ɗaya. Ranar da ake sa wa waɗanda suka gama doguwar riga da hula mai faɗi ta faɗo a kan yankan dawa, don haka bai je ba, atamfar da na ɗinka ta tsufa a adaka. Ofis a Kano ma aka yi masa tayi, ya ce ya yi nisa da gona, ya koma firamarensa. Duk sanda na sake tambaya sai ya ce, "Ke za su ba aiki?"

Na yi niyyar in tambaye shi a ciwon ajalinsa. Na matso, ya riƙe hannuna, sai na ga ba na son sani.

Allah ya jiƙan Malam, ya ba shi ikon amsa tambayar kabari, ya sanyaya makwancinsa. Ni kuma ya ba ni haƙurin ɗakin nan da ya yi mini faɗi.